Ɗan kwikwiyon wifet: abin wuya ko ɗamarar ƙirji?

Wifet karen Ingila ne, siriri, gudunsa na kai kilomita 55 a awa. Kansa bai fi wuyansa kauri ba, shi ya sa abin wuya ke suɓucewa da zarar ya tsorata ya ja da baya. Mai faɗi ya fi riƙewa, amma in ya hango kyanwa ya zabura, maƙogwaro ke shan wahala.

Ɗamarar ƙirji kuwa tana raba ƙarfin fizgar a kafaɗu. Aibinta, fatarsa ba kauri, gashi kaɗan, sai ta goge masa hammata ta yi ja; a riƙa dubawa ana sassautawa yana girma. Ni dai ɗamara nake zaɓa har ya koyi bin igiya.