Shagon Baba mai tsofaffin littattafai a Samaru

Tarihi nake karantawa a Jami'ar Ahmadu Bello, ina haɗawa da kwasa-kwasan adabin Hausa. A aji biyu aka ba mu aikin rubutu kan cinikin bayi ta hamadar Sahara, wata ƙawata ta ce in leƙa shagon wani dattijo a cikin Samaru. Ko allon suna babu. Ƙofar langa-langa ce, da benci ɗaya, da littattafai jibge har rufi.

Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya zaro wani littafin tarihi na Turanci, sannan ya ɗora wani siriri a kai, bangonsa ya koɗe. Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Balewa. Na ce, "Baba, ai wannan ƙagaggen labari ne." Ya ce, "'Yata, wancan zai gaya miki hanyoyin da ayari ya bi. Wannan kuwa zai nuna miki uwar da ta bi sawun ɗanta har ita ma aka bautar da ita. Karanta duka biyun."

A daren nan na karance shi, kuma sai da na yi hawaye. Aikin da na miƙa ya fi duk wanda na taɓa rubutawa.

Abin da ya sa nake komawa ke nan. Baba ya san kayansa ciki da bai. Shi ya fara ba ni labarin gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a nan Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da shi Shaihu Umar ɗin. Da na zo neman bayani kan zuwan Turawa da faɗuwar Kano a 1903, Ganɗoki na Bello Kagara ya miƙo mini, ya ce in ji yadda namu suka ba da labarin yaƙin da bakinsu. Yana kuma da 'yan tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a 1939, a naɗe cikin leda. Waɗannan ba ya sayarwa, sai dai ka wanke hannu ka zauna a benci ka karanta.

Kuɗinsa da sauƙi, kuma yana yi wa ɗalibi ragi ba tare da dogon ciniki ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne ajiya. Ƙura ta yi yawa, mai asma ya sa takunkumi. Na taɓa sayen littafin waƙoƙi, sai da na isa ɗaki na ga gara ta cinye shafuka shida na tsakiya. Ya karɓa ya canza mini, amma raina ya ɓaci ganin irin wannan dukiya a ƙasa kan kwali, damina na shigowa.

Ba ya karɓar tiransifa, ku riƙo kuɗi a hannu. Ku je bayan La'asar, lokacin ya fi sakin jiki da hira.