Agogon kunna wuta da na ɗora wa fitilun rainon iri ya kusa ƙona mini gida

Sana'ata rainon iri ce, kuma shekara 9 ke nan ina tayar da tumatir da tattasai da kabeji a nan Damagaram ina sayar wa masu garka na Mirriya da kewayen gari. Duk mai noman rani ya san cewa wanda yake so ya riga mutane kai tumatir kasuwa dole ne dashensa ya kasance a hannu tun farkon Oktoba, wanda ke nufin a zuba iri a ƙarshen Agusta, daidai lokacin da damina take kan ganiyarta. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwantar da kwamin iri gaba ɗaya, abin da ya tsira kuma farin ƙuda ya sauka a kansa ya bar masa cutar nannaɗewar ganye tun bai bar hannuna ba. Wannan ne ya sa bana na mayar da rainon cikin wani soro da ke bayan gidana, na sa raga a taga, na sa fanka mai fitar da iska, na rataya fitilu biyu na sodiyam masu wat 400 kowacce, irin masu hasken rawaya da muka saba gani a kan titi. Na hannu na saya, kowacce da balas ɗinta, wato naɗin wayar da ke daidaita wutar da fitila take ja, mai nauyi kamar dutsen guga. Haskensu yakan sa iri ya ɗan yi tsawo fiye da yadda nake so, amma su ne abin da ƙarfina ya kai.

Saboda zafin da fitilun suke fitarwa, da dare nake kunna su, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 9 na safe, awa 14 cif, sannan iri ya huta cikin duhu da rana. Tashi kullum a kan lokaci don kunnawa da kashewa ba ya yiwuwa ga mutumin da ke da wasu hidimomi, shi ya sa na nemi agogon nan da ake sokawa a piriz ɗin bango, wanda masu gyaran wuta suke kira minuteri. Farin roba ne, da zagayayyar fuska mai ƴan haƙora 96, kowane haƙori minti 15, sai mutum ya danna na lokacin da yake so wuta ta kasance a kunne. Na tambayi mai shagon a fili ko zai ɗauki fitilu biyu masu balas, ya juya kwalin ya nuna mini inda aka rubuta 3500 W da manyan lambobi, ya ce, "Alhaji, naka duka 800 ne, ko huɗu ka ɗora masa bai san ka yi ba." Lissafin ya shiga hankalina, na biya jika 4 na tafi.

Mako biyu na farko ban ga abin kushewa ba. Magariba tana wucewa sai na ji ɗan ƙaras, fitilu su fara da ja-ja su ƙare da rawaya, da safe kuma su mutu da kansu. Abin da na lura da shi kawai shi ne idan na dafa jikin agogon da asuba yakan yi ɗumi, ɗumin da na ɗauka na ɗakin ne. A mako na uku ɗumin ya zama zafi, har gefen ramin da fulogin yake shiga ya fara canza launi zuwa ruwan ƙasa. Wata safiya kuma na shiga ƙarfe 10 na tarar fitilu suna ci, alhali haƙoran sun wuce lokacin kashewa. Na ɗan buga jikinsa da yatsa, suka mutu. A nan ya kamata in tsaya in kira mai gyara, ban yi ba, kuma wannan sakacin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Kwana biyu bayan haka aka yi mana rasuwa a Magarya, na tafi ta'aziyya na kwana 4. Na bar wa ɗana mai shekara 13 makullin soron, na ce ya riƙa ba iri ruwa da sassafe, kada ya taɓa kome na wuta. Yaron ya yi abin da aka sa shi, kuma da yake lokacin da yake shiga fitilu dama a kunne suke, bai san cewa ba sa mutuwa da rana ba. A daren kwana na huɗu, wajen ƙarfe 2, maiɗakina ta farka da warin roba mai ƙonewa. Ta zagaya madafa ba ta ga kome ba, ta bi warin har ƙofar soron, ta ga hayaƙi siriri yana fita ta ragar taga. Allah ya ba ta basirar da ba ta watsa ruwa ba. Ta ruga ta sauke disjonkter, wato makunnar da ke yanke wutar gidan gaba ɗaya, sannan ta kira ni da muryar da har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. "Malam, kome ya lafa, yara suna lafiya, amma ka dawo gobe."

Da na iso na ga abin da idona. Bayan agogon ya narke ya manne da piriz, sai da muka ɓamɓare su tare da bangon da ke kewaye. Baƙin hayaƙi ya yi layi a jikin bango ya miƙe sama kamar tsawon kamu biyu, kuma rufin soron azara ne da zana, ga buhunan taki da kwalaye a jingine ba nisa. Bango ɗaya ne tsakanin wannan ɗakin da inda ƴaƴana uku suke kwana. Irin kuwa, kwana 4 fitilu suna ci dare da rana a ɗakin da zafin rana ya riga ya cika, ƙasar farantan ta bushe ta janye daga gefe, tumatirin ya yi yaushi ya kwanta. Cikin faranti 30 na tsira da 11. Waɗanda suka rayu ma ganyensu ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, domin tumatir ba ya jure haske marar yankewa, yana bukatar duhunsa kamar yadda yake bukatar ruwa. Mutum uku daga Mirriya sun riga sun ba ni kafin alƙalami, sai da na je da ƙafata na ba su haƙuri na mayar wa biyu kuɗinsu.

Ɗan ƙanwata, wanda aikinsa jan wayar wuta ne a gidaje, shi ya zo ya buɗe gawar agogon a kan tabarma. A ciki akwai wata ƴar makunna da ba ta fi ƙwayar dabino ba, da ƙarafa biyu ƙanana masu haɗuwa su rabu. Sun yi baƙi ƙirin, fuskarsu ta yi rami-rami, kuma sun manne da juna kamar an yi musu walda. Ya goge bayan robar da tsumma, ya nuna mini wani rubutu ƙarami da ban taɓa lura da shi ba: 16(2)A. Ya ce, "Kawu, wannan 16 ɗin na kayan da zafi kawai suke yi ne, kamar hita ko dutsen guga, idan ka ninka shi da volt 220 shi ne kusan 3500 ɗin da aka nuna maka. Amma kayan da ke da naɗin waya a ciki, irin balas da injin ruwa, nasu shi ne wannan 2 ɗin." Bayanin da ya yi mini shi ne, naɗin wayar da ke cikin balas ba ya yarda a yanke masa wuta farat ɗaya, duk lokacin da ƙarafan nan suka rabu sai tartsatsi ya tsallaka tsakaninsu, lokacin kunnawa kuma kondansater, wato ɗan abin adana wuta da ke tare da balas, yakan zuƙi wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido. Kowane tartsatsi yana cin fuskar ƙarfen kaɗan, fuskar da ta lalace ba ta barin wuta ta wuce salin-alin, wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara lalata ta, har ranar da za su narke su manne.

Bai tsaya nan ba. Ya haɗa fitilun kai tsaye ɗaya bayan ɗaya, ya maƙala awonsa mai baki kamar ƙaguwa a jikin waya. Ta farko, bayan ta yi zafi ta daidaita, ta tsaya a kan amper 2 da ɗan kai. Ta biyu ta nuna amper 4 da rabi. Ya buɗe akwatinta sai ga kondansater ɗin ya kumbura, ya daɗe da mutuwa. Fitila mai mataccen kondansater tana ci gaba da haske kamar lafiya lau, shi ya sa ido ba ya ganewa, amma wutar da take ja ta cikin waya takan ninka. Biyun a haɗe sun haura amper 6, a kan makunnar da aka yi wa 2. Ya ƙara da cewa zafin da ke taruwa a wurin haɗuwa ba ya tafiya daidai da yawan wutar: idan wuta ta ninka biyu, zafi yakan ninka huɗu. Piriz ɗin bangona ma tsoho ne, ramukansa sun saki, ƙafafun agogon suna rawa a ciki, wannan ma wani murhu ne na daban.

Da na ji wannan duka sai zuciyata ta ɗan yi sanyi a kan agogon, domin na ga an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma mataccen kondansater da sakakken piriz daga wajena suke. Gyaran da ɗan ƙanwar tawa ya yi ma da wani agogo irin wannan aka yi. Mun je Kasuwar Dole ranar Alhamis muka sayo kontakter, wato babbar makunna da wuta take ja da kanta, mai amper 25, da kondansater sabo, da waya mai lamba 2.5, da ƙaramin disjonkter na ɗakin shi kaɗai, ya haɗa su cikin akwatin ƙarfe nesa da balas, nesa da duk abin da wuta za ta iya kamawa. Yanzu sabon agogon ba ya ɗaukar nauyin fitilu. Aikinsa kawai ya aika ƴar wuta kaɗan zuwa naɗin kontakter, shi kuma ya ja manyan ƙarafansa da aka ƙera domin irin wannan tartsatsin. Ƙarfe 7 tana yi sai a ji ƙaf, har daga tsakar gida. Na yi makonni ina dafa agogon kowace asuba, sanyinsa ɗaya da na bango.

Sai dai duk lokacin da na ɗauki wancan kwalin na duba, ran nawa yakan sake ɓaci. An rubuta 3500 W da lambobin da ake gani daga bakin shago, an sa hoton fitila da fanka da tukunyar shayi, amma lambar da rai ya rataya a kanta an ɓoye ta a bayan roba da rubutun da sai an kai shi hasken rana ake karantawa. Takardar da ke ciki ba ta ce uffan a kan balas ba. Ni ba malamin lantarki ba ne, kuma yawancin waɗanda za su sayi wannan abu a garin nan irina ne: mai kiwon kaji, mai injin jan ruwa, mai firiza na sayar da ƙanƙara, kuma injin ruwa da firiza duk suna cikin kayan da wannan 2 ɗin ya shafa. Abu mai ɗaukar wutar gida ya kamata idan ya gaza ya gaza a kashe, ko a sa masa abin da zai yanke wuta idan zafi ya yi yawa. Wannan ya gaza a kunne, ya ci gaba da dahuwa kwana 4 a jikin bangon ɗakin ƴaƴana.

Na koma wurin mai shagon da narkakken agogon a leda, ba don a mayar mini da jika 4 ba, don ya daina faɗa wa mutane abin da ya faɗa mini. Ya juya shi a hannu, ya ce wutar gari ce ta zo da ƙarfi, ya ce ya sayar da fiye da yadda zai iya ƙirgawa ba wanda ya dawo. Na nuna masa lambar, na maimaita masa bayanin ɗan ƙanwata dalla-dalla. Ya saurara, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya juya ga wani mai saye. Kwalayen suna nan jere a inda suke.

Akwai kuma wani aibin da ko kontakter bai magance ba. Ƙaramin injin da ke juya fuskar agogon da wutar gari yake tafiya, ba shi da batir, saboda haka duk lokacin da hadari ya taso wuta ta ɗauke, shi ma sai ya tsaya, idan ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. A mako guda na Satumba ya makara da kusan awa 3, fitilu suna kaiwa tsakar rana a kunne, lokacin da soron ya fi kowane lokaci zafi. Yanzu kullum bayan sallar asuba sai na duba wayata na juya fuskarsa da hannu ta daidaita, wato rabin aikin da na saye shi don ya ɗauke mini ya dawo kaina. Ɗan ƙanwata ya ce akwai mai allon lambobi da batir a ciki wanda ba ya mance lokaci, shi zan nema kafin zubin baɗi, kuma shi ma ta bayan kontakter zai zauna. Faranti 11 da suka tsira sun tafi Mirriya a makon farko na Oktoba, na kuma yi wa bangon soron sabon yaɓe, amma ƙarshen layin baƙin da ya taɓa azara yana nan, ban goge shi ba.