Lambu ko kasuwar bakin titi? Amsa ga Hajiya mai shirin hawa ƙauyen kan dutse

Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda yini ɗaya kike da shi, kuma tsakanin shiga lambun kayan marmari da tsayawa kasuwar bakin titi dole ki ɗauki ɗaya, ki wuce lambu kai tsaye.

Da muka je da yara, wani dattijo mai gonar tuffa ne ya karɓe mu. Bai miƙa mana kwando ba sai da ya koya mana tsinka: a tallafe tuffar a tafin hannu, a ɗan murɗa ta sama. In ta nuna za ta saki da kanta, in ta ƙi a bar ta. Ya hana yaran fizga, domin guntun reshen da take maƙale a jikinsa shi ne zai sake yin fure baɗi. Sai ya zaro wuƙa ya raba ɗaya gida biyu, ya nuna mana ƙwayoyin ciki sun yi ruwan ƙasa mai duhu, ya ce alamar ƙosawa ke nan, da farare ne da saura. Autarmu ta gatsa, ruwan ya gangaro mata ta haɓa har wuyan riga, tsohon nan yana ta dariya. Abin da muka tsinka da hannunmu shi aka ɗora a sikeli a gabanmu, ba a cusa mana ko ɗaya ba.

Ki tafi da rigar sanyi ko da ana zufa a ƙasa. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6.5. Wannan sanyin ne ma arzikin irin waɗannan ƙauyuka, don bishiyar tuffa sai ta sha sanyi take fure da kyau, kuma sanyin dare ke taimaka wa bawonta ya yi ja.

Kasuwar kuwa, to, ba laifi. Kaya iri-iri a wuri guda, ba hawa ba sauka, in akwai mai ciwon gwiwa a motar za ta rufa asiri. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Ba ki tambaya ba, amma in kin tsaya a can ki buɗe ido. Ba duk abin da aka jera ba ne ɗan dutsen. Tuffa tana yin watanni a ɗakin sanyi, sai dillalai su sari ta wani wuri su zuba a kwandon saƙa, su ce yanzu aka tsinko. Ki tambayi mai lambu abin da ke kakarsa, duk abin da bai ambata ba baƙo ne. Kwandon da aka riga aka cika, ki sa a juye a gabanki, domin manyan a sama suke, masu tabo a ƙasa. Sikeli in kina shakkarsa, ɗora robar ruwa mai lita 1, ya kamata ya nuna kilo 1 da ɗan ɗoriya kaɗan na nauyin robar. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an yanke shi, saboda haka ki ɗanɗana kafin ki biya, ki duba sandarsa koriya ce ko ta bushe. Farar hodar nan da ke jikinsa ba datti ba ce, halittarsa ce. Zuma ta bakin titi kuwa, da ido ba a gane mai algus, ni dai ba na saye sai a hannun wanda na ga amyarsa.

A mota ki ware tuffa daban, tana fitar da wata iska mai saurin nunar da kayan marmarin da ke kusa da ita, kuma mai rauni a fara cinye ta. Ki bincika tun kafin ki tashi ko lokacin ɗiba ne, don ba kowane lambu ke barin baƙi su tsinka ba. Ku sauko da sauran rana kafin hazo ya rufe kwane-kwanen hanya, direba kuma ya sa ƙaramin giya a gangara, in ya dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa.