Ƙaramar mota a cikin Kano: tsimin man da ta yi min, ruwan Agusta ya karɓe

Wata goma sha huɗu ke nan motar tana hannuna. 'Yar Kwatano ce, ƙofa biyar, inji lita 1.0 mai silinda uku, giyar otomatik. Ta maye gurbin wata doguwa mai inji 2.4 da ciyar da ita ya gagara tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wajen tsimi kam ba a magana. A cunkoson titin Zoo Road zuwa Bata, lita ɗaya tana yin kilomita 13 zuwa 14 in ba a kunna esi ba, waccan kuwa da ƙyar take kai 8. Baƙin mai lita uku ya ishe ta, filogi uku kacal. Tsawonta bai kai mita huɗu ba, don haka gurbin da adaidaita sahu biyu suka tashi a bakin Kantin Kwari ya ishe ta fakin, kuma tana juyawa a lungun da babbar mota sai ta yi ribas sau uku.

To, sai damina ta zo. Ruwan da ya kwanta a titin bai fi rabin taya ba, wanda kowane direba a garin nan ya saba ratsawa. Wata tifa ta taho ta ɗaya hannun, ta turo igiyar ruwa ta daki bambar gaba, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Dillalai ba sa gaya wa kowa inda bakin bututun shaƙar iska yake, alhali shi ne abu na farko da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi. A tawa yana bayan bamba, ƙasa da fitilar gaba. Ruwa ya bi ta nan, ya jiƙa matatar iska, ya faɗa cikin silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan fistin ya taso ya tarar da shi, dole wani abu ya ba da kai, kuma yawanci sandar da ke riƙe da fistin ɗin ce ke lanƙwashewa. Silindar wannan injin ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku na lita ba, ruwan da bai cika ƙaramin kofin shayi ba ya isa ya yi ɓarna.

Laifin da ya fi girma nawa ne, don na yi mata kik har sau biyu. Abin da ya dace shi ne a zare makulli, a cire kan batir, a ja ta zuwa gareji. Can a buɗe gidan matatar iska, in ta jiƙe a jefar. A cire koyil da filogin duka, sannan a juya injin ruwan ya feso ta ramukan. A zaro sandar awon mai, in ya koma kalar shayi da madara to ruwa ya sauka ƙasa, sai an juye shi an sa sabo da sabuwar fita, a bar injin ya yi zafi, a sake juyewa. Man giya ma a duba shi, a ɗaga kafet ya sha rana, in ba haka ba wari da tsatsar wayoyi na nan tafe. Da an bi wannan, ƙila da mai da filogi kawai za a saya. Da aka auna ƙarfin matsin silindar, biyu lafiya, ta tsakiya ta faɗi. Sai sauke inji.

A nan ne ƙaramar motar ta fita daga raina. Kayan Camry da Accord da Corolla, ka shiga Ƙofar Ruwa da hantsi, kafin azahar ka fito da su. Sandar fistin ta inji mai silinda uku kuwa sai da aka yi kwana tara ana aike. Kuɗin sanda da ringi da gasket da aikin bakanike sun lashe tsimin man wajen wata takwas.

In za a faɗi gaskiya, tsohuwar doguwar ma da ta shiga ruwan nan ba lallai ta tsira ba. Tsawo ba ya sayen tudu. Yawancin dogayen motocin da muke kira manya tazararsu da ƙasa ba ta wuce ta ƙananan da wani abin kirki ba, jif ce kawai ke da bambanci na gaske, ita kuma gidan mai take aure. Wanda zirga-zirgarsa gida ce zuwa ofis a kan kwalta, shi da mutum ɗaya ko biyu, har yanzu ƙaramar ce tasa.

Sai dai akwai esi, kuma shi kullum ne. A zafin Afrilu, mutum huɗu a ciki, da an kunna shi motar tana yin sanyin jiki, ka taka totur a hawan gadar Ƙofar Nasarawa tana kuka ba ta tafiya, adaidaita na yi maka hon. Shan man ya koma kilomita 10 ko 11. Cikinta yana gogar tudun rage gudu in an ɗauko buhun shinkafa biyu, kuma ƙaramar taya ba ta yafe rami, rim ɗin gaba na dama sau biyu ana buga shi. Tauraro uku na ba ta, da na ba da huɗu in ba don kwana taran nan ba. Yanzu an ɗaga bakin bututun zuwa saman batir da roba da kilif biyu, injin ya ɗan ƙara gurnani, kuma in ruwa ya taɓa tsakiyar rim, fakin nake yi in jira ya janye.