Garejin da yar raba motata da gurzar taya, ga abin da na gani

Wata huɗu cur ina fama da matsalar ga kafin Allah Ya haɗa ni da wani dattijo makanike, shi yas sa nic ce bari in rubuta saboda masu ɗaga mota irina da ke cikin garin Sakkwato. Motata Hilux ce, ita nake shiga da ita fadama wajen Wurno in kwaso albasa da tafarnuwa, wani lokaci kuma in yi Gwadabawa har Illela, kuma duk wanda ya san hanyoyin gonakin can ya san da damina laka ce, da rani kuma rairayi da gargada. Ƙasan motar ta sha bugawa, sai anka ba ni shawara in ɗaga ta inci 2 in sa manyan taya. Tayar da taz zo da ita 265/65 R17 ce, nis sayi 285/70 R17 guda huɗu, anka sa sabon sifirin da shokozoba, mota ta tashi ta yi kyau wallahi.

Tun ranar farko da zan fita daga gida da ribas na murɗa sitiyari har ƙarshe sai nij ji gurrr daga gaba, kamar ana gurza rogo. Kan titi miƙaƙƙe lafiya lau, amma da na sha kwana sosai ko taya ta hau tudu ga kaya a baya sai ƙarar ta dawo. Cikin sati uku gefen sabuwar taya ya fara nuna zane, kuma ku kun san kuɗin taya yanzu.

Wurin farko da na kai ta ba zan ambaci sunansu ba. Ko sunkuyawa ba su yi ba sunka ce sifesa za a sa, wato ƙarfen da ake sakawa bayan wili don ya turo taya waje, sunka ɗaura min mai kauri inci 2 a kowace ƙafa, taya ta fito waje, ƙarar kuma ta ƙaru ninki. Da na koma sai sunka ce to a ƙara ɗaga motar. Nan na ja jiki.

Wani direba da muke lodi tare shi yak kwatanta min garejin dattijon, can bakin bayfas na yamma, wuri ne da ba allo ba komai, rumfar kwano ɗaya da yara almajiransa uku. Abin da ya fara burge ni bai taɓa sufana ba sai da ya saurare ni na gama. Yac ce Alhaji yaushe take yi, da ribas ko gaba, hagu ko dama, da kaya ko wayam? Sannan yas sa yaro ya goga alli a gefen tayoyin gaba, munka hau da ƙafa ɗaya bisa wani tudun ƙasa da ke bayan garejin, na murɗa sitiyari har ya ƙure hagu da dama, na yi gaba na yi baya, shi kuma shina durƙushe shina kallo. Da munka sauko allin ya bar shaida wuri uku: robar tare laka, robar da ke lulluɓe cikin madgad, sai kuma wani ƙarfe da ke bayan tayar gaba inda bodi ke zaune bisa shasi. Wannan na ukun har ya yi ƙyalli saboda guga.

Bayanin da yai min shi ne abin da ban taɓa ji ba tun da na fara harkar ga. Yac ce gaban Hilux kowace ƙafa da hannuwanta take tafiya, na sama da na ƙasa, to ɗagawar da anka yi wurin zaman motar kawai ta canza, in taya ta faɗa rami ko ta hau tudu za ta koma ta matse daidai inda take matsewa da can, sai dai yanzu tayar ta fi girma. Ya ɗauko tef ya auna, tsayin tsohuwar kusan milimita 776, sabuwar kusan 831, ga faɗi ya ƙaru da milimita 20. Kuma ɗagawa tana rage kasta, wato taya tana ɗan ja baya ta matso kusa da ƙarfen nan. Shi kuma sifesa mai kauri in ya turo taya waje, da ka murɗa sitiyari kewayen da take zanawa ya ƙara faɗi, shi yas sa abin yal lalace bayan aikin farko. Ko inci 4 za ka ɗaga ta Alhaji, in ji shi, kwana sai ta gurza.

Bai yi gaggawar yanka ba, kuma nan na ƙara yarda da shi. Ya cire sifesa mai kaurin ya sa siriri, don in babu sam tayar 285 bisa wilin kamfani tana shafar hannun sama. Ya kwance robobin laka, ya gasa robar cikin madgad da zafi ya tura ta ciki ya ɗaure. Sannan munka tafi wajen alaimen tare da shi, don shi ba shi da na'urar, ya tsaya kan mai aikin sai da anka juya notunan hannun ƙasa anka ƙara kasta, taya ta matsa gaba kaɗan. Munka dawo tudun, anka sake alli, biyu sun tafi saura ƙarfen. Sai a lokacin yac ce to yanzu zaɓi naka ne, ko ka sayar da tayoyin ga ka koma 265/70 R17 wadda ba ta da wannan rigima sosai, ko in yanke kusurwar ƙarfen in like da faranti. Ya gaya min gaskiya cewa yankan shasi ba a mayar da shi, kuma mai saye nan gaba zai iya gani ya rage kuɗi. Na kwana ina tunani, na zaɓi yankan.

Walda ta yi kyau ƙwarai, ya cire kan batir kafin ya fara, ya rufe robar mazaunin da jiƙaƙƙen tsumma kar ta ƙone, ya sa faranti mai kauri ya like ramin duka, ya goge da giranda ya shafa fenti saboda tsatsa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. Aikin da yac ce kwana ɗaya ya ci uku, rana guda ma rashin wuta ne janareto kuma ba ya ɗaukar injin walda. Ba ya ɗaga waya sam, sai ka je da ƙafarka, ga wurin zama benci ɗaya a zafin Sakkwato na watan Afrilu. Kuɗinsa ba araha ba ne kuma ba ya son ciniki, amma duka aikin bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Da zan tafi yac ce in kula da mita, da tayar ga in allura ta nuna 100 to ina kusan 107 ne, mai ma zai ɗan ƙara sha, kuma in dawo bayan sati ya sake ɗaure notunan sifesa. Na koma ya ɗaure bai karɓi ko sisi ba. Jiya na fito daga fadama da buhunan albasa cike da baya, na sha kwanar nan mai gangare da take gurza kullum, shiru. Robobin laka ne dai har yanzu ban mayar ba, yac ce in kawo ta kafin ruwa ya sauka ya yanka min gajeru.