Wata goma sha takwas a shagon gyaran na'urorin bincike a Kakuri

Shagon ba shi da allo. Idan ka shiga Kakuri ka wuce tsofaffin masaƙun nan da suka daina aiki, za ka ga wani ɗaki mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe, da mushen wata firiza a jingine a gefe. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wurin 'yan gwangwan ne. A nan na yi wata goma sha takwas ina koyon gyara da saita na'urorin ɗakin bincike. Ba zan kama sunan mai wurin ba, don akwai abin da zan faɗa wanda ba zai yi masa daɗi ba, kuma har gobe maigidana ne. Mu dai Injiniya muke ce masa. Shi kuwa kullum sai ya ce shi ba injiniya ba ne, teknishiyan ne, kuma kusan shekara talatin ya yi yana wannan aiki a wata cibiyar bincike kafin ya yi ritaya.

Na gama ND, wato ƙaramar difloma, a fannin lantarki, ina neman inda zan yi shekarar aiki da ake buƙata kafin a koma HND, wato babbar difloma. Abokaina duk sun watse, wasu gyaran waya, wasu haɗa sola. Kawuna da ke aiki a lab ɗin wani asibiti shi ya ce in je wajen mutumin da ke gyara musu injuna. Na je da niyyar shekara ɗaya, na ƙara wata shida da kaina.

Ranar farko ko sukuddireba bai bari na taɓa ba. Ya aike ni na sayo ƙanƙara wajen mai sayar da ruwan leda, ya ce in daddaka ta a kofi, in zuba ruwa kaɗan, in tsoma ma'aunin zafi. Ya nuna sifili. Ya ce in tafasa ruwa in sake tsomawa. Ya tsaya wajen 98. Da saurina na ce, "Injiniya, wannan ma'aunin ya lalace, ai 100 ya kamata ya nuna." Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, "Ma'aunin lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka san inda kake tsaye ba." Ashe Kaduna tana sama da teku da kimanin mita 600, iska ba ta danna ruwa kamar yadda take yi a Legas, shi ya sa ruwa ke tafasa kafin ya kai 100. Da a ce na kama "gyara" wannan ma'aunin, da na ɓata lafiyayyen abu da hannuna, kuma duk wanda ya yi awo da shi bayana ya rubuta ƙarya bai sani ba.

Abin da shagon ke koyarwa ke nan, kuma dalilin da ya sa nake ganin ya fi wurare da dama. A Panteka za ka samu masu hannu da za su tayar maka da kowane inji, ba na raina su, mu ma can muke zuwa a yanka mana ƙarfe ko a naɗa mana waya. Amma a ɗakin bincike, tashin inji rabin aiki ne. Sikelin da ke kunnuwa yana nuna lamba amma lambar ba daidai ba ce ya fi matacce haɗari, don matacce kowa ya san ya mutu. Mai bincike ba ya buɗe cikin na'ura, abin da ta nuna masa shi zai rubuta, a kansa zai gina aikin shekara biyu ko uku.

Saboda haka Injiniya ya fi ɓata lokaci a kan awo. A wurinsa na san cewa ɗan ƙarfen da ke jin zafi a cikin yawancin na'urorin, wanda ake kira PT100, idan ka sa masa mitar lantarki yana cikin ƙanƙara zai ba ka om 100 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tirje wa wucewar lantarki), a digiri 100 kuma wajen 138.5. In ka riƙe waɗannan lambobi biyu, kafin ka kwance komai ka san ko shi ne mai laifi. Na koyi saita na'urar awon tsami da ruwan gwaji masu lambar tsami 4 da 7 da 10, da cewa bakin gilashinta ba a ajiye shi a bushe, ba a kuma ajiye shi cikin tataccen ruwa, yana da ruwan gishirinsa na musamman. Sau nawa aka kawo mana irinta wai ta mutu, alhali a bushe aka bar ta tsawon hutu. Sikeli kuwa, irin mai auna kashi ɗaya cikin dubu goma na giram, sai da na yi sati biyu ina koyon zaunar da shi kawai: ɗigon iskar da ke nuna ko sikelin ya karkata ya tsaya a tsakiyar da'ira, a kashe fanka, a bar shi ya ɗumama, kada ka taɓa duwatsun awo da yatsa don maiƙon hannu ma nauyi ne.

Sai littafi. Kowane aiki sai an rubuta: ranar da na'ura ta shigo, lambarta, abin da ta nuna kafin a taɓa ta, abin da aka canza, abin da ta nuna bayan nan, da sa hannu. Da farko na tsani wannan littafin. Wata rana wani malamin jami'a ya dawo da injin ɗumama ƙwayoyin cuta, wanda ya kamata ya zauna a digiri 37, yana faɗa wai mun ɓata masa. Injiniya bai ce uffan ba, ya ce in ɗauko littafi. Aka ga ranar da injin ya fita awa shida muka yi muna bibiyarsa, bai gusa ba. Da muka je wurinsa, sai ga injin a jikin taga, rana na dukansa tun daga azahar.

Yanayin garin nan ma malami ne. Da hunturu ƙura ce ke toshe ragar firizar nan mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Kwampiresa biyu gare ta, ɗaya na sanyaya wa ɗaya, in ragar ta toshe sai su yi ta wahala har ɗaya ya ƙone, a rasa samfurin jinin da aka yi shekaru ana tarawa, a kan abin da buroshi da minti goma za su hana. Da damina kuma fumfuna ce ke cin gilashin madubin duba ƙwayoyin cuta. Wuta kuwa ba sai na faɗa ba. Rabin abin da ke shigo mana ba tsufa ya kashe shi ba, dawowar wuta da ƙarfi ne, ko janaretan da ba ya riƙe murya ɗaya.

A nan ni ma na tafka tawa. An kawo wani ƙaramin injin juya jini da aka samu kyauta daga Amurka. Wutarsu can 120 ce, tamu 230. Akwai rubutu ƙarara a bayansa, ban duba ba, na canza masa kan fulogi na soka. Ƙara ɗaya ya yi, sai hayaƙi. Na tsaya jikina na rawa. Injiniya ya yi min tatas a gaban mai kayan, har da cewa takardata ta ND in kai wa mai ƙosai. Daga baya ya zaunar da ni muka bi kayan da ke kan allon lantarkin injin ɗaya bayan ɗaya, Allah ya taimake ni fiyus da wasu ƙananan abubuwa biyu ne suka tafi. Tun daga ranar ban sake soka komai a bango ba sai na juya bayansa na karanta.

To, ga inda wurin ya gaza.

Kuɗi babu. Abin da ake ba ɗan koyo bai fi na mota ba, kuma ni daga Rigasa nake tasowa, hawa biyu ne zuwa, biyu dawowa. Akwai watannin da in ba don mahaifiyata ba da na ajiye. In an fita aiki Zariya akan ɗan samu wani abu a sama, amma ba ƙa'ida ba ce, ya danganta da yadda Injiniya ya tashi. Babu yarjejeniya a rubuce, babu ranar yaye, babu tsarin cewa wata kaza za ka koyi kaza. Abin da ya lalace a gari shi ne darasinka. Na yi wata bakwai ban ga cikin na'urar awon haske ba don ba a kawo ba, sai kuma aka kawo uku a sati ɗaya. Kayan gyara ma jira ne, wani abu kamar fitila ko robar murfi sai an yi odarsa daga Legas ko waje, inji ya yi wata biyu a kwance yana cin wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne kariya. Injin juya jini yakan zo daga asibiti da busasshen jini a cikinsa, ba wanda ya wanke, ba takardar da ta ce an tsabtace shi. Safar hannu a shagon sai an yi sa'a. Injiniya da hannunsa yake shiga, wai shekara talatin bai mutu ba. Kawuna ne ya tilasta min na je na yi allurar rigakafin ciwon hanta, guda uku, na kuma riƙa sayen safata da kuɗina. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke aiki a digiri 121 da tururi a matse, a cikin ɗakin muke gwada ta, kusa da inda muke cin abinci. A kan wannan ba na ba shi uzuri ko kaɗan. Wata yarinya da ta karanta fasahar lab ta zo koyo tare da mu, hannunta ya fi nawa kyau a kan madubi, amma wata uku ta yi ta tafi, don ko banɗakin kirki babu a wurin.

Sannan takarda. Injiniya zai rubuta maka wasiƙa mai kyau, ya buga hatimi, amma wasiƙa ba satifiket ba ce. Cibiyoyin gwamnati da takarda suke ɗauka, da ita suke ajiye ka a mataki. Duk wanda zai shiga irin wannan wuri, kada ya saki makaranta. Idan ɗalibin kwalejin fasaha ne, ya yi amfani da watannin SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu da ITF, hukumar horas da ma'aikatan masana'antu, ta fara tun 1973, ya ɗanɗana kafin ya ba da shekara guda. Idan ba shi da ND, akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mataki na uku zuwa na ɗaya, akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, ke kula da shi, wanda ke auna abin da mutum ya iya da hannunsa. Hedikwatar NBTE ɗin ma a nan Kaduna take, a titin Bida. Na sha gaya wa Injiniya ya nemi a yi wa shagon rajista a wannan tsarin, sai ya ce shi ya gaji da cike fom tun yana aikin gwamnati.

Aikin kuwa akwai shi. Cikin gari akwai cibiyar binciken cutar sammore da cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando. Ka hau mota a Kawo, awa ɗaya da 'yan mintuna kana Zariya: cibiyar binciken noma ta Samaru, ta dabbobi a Shika, ta fasahar sinadarai a Basawa, ga jami'ar Ahmadu Bello kanta. Ban ƙirga asibitoci da lab-lab masu zaman kansu da kamfanonin ruwa ba. Duk inda ake awo akwai sikeli da firiza da madubi, masu iya kula da su kuma ba su kai masu gyaran waya na layi ɗaya a Kasuwar Barci ba.

In maki zan ba shi, koyarwa biyar bisa biyar, kula da ɗan koyo biyu. Wanda yake son kuɗi a wata na farko ya tafi sola, ba laifi ba ne. Wanda ba ya jure faɗa ma kada ya fara. Amma mai haƙurin zama gaban sikeli rabin awa yana jiran lamba ta tsaya, wanda ke da wanda zai ɗan tallafa masa da kuɗin mota, ban san wani wuri a garin nan da zan tura shi ba sai nan.

Watan jiya na je ganawar neman aiki a lab ɗin wani kamfanin abinci. Mu huɗu ne, biyu masu HND. Aka ajiye mana sikeli aka ce kowa ya auna wani gari. Kafin in taɓa garin na duƙa na duba ɗigon iskar, ya karkata, na murɗa ƙafafun, na roƙi a kashe fanka. Matar da ke kula da lab ɗin ta tambaye ni wa ya koya min. Ranar Litinin zan fara. Da na je na gaya wa Injiniya, bai ɗago daga kan allon da yake ɗiga wa dalma ba, ya ce, "To, madalla. Kafin ka tafi ka cike littafin jiya, ba ka sa hannu ba."