Sharhi a kan zauren jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya a gidan tarihin RAF na Landan

Gidan tarihin rundunar sojin saman Birtaniya (RAF) yana Hendon, arewacin Landan, a kan tsohon filin jirgi, kuma ba a biyan ko sisi wajen shiga. Daga tashar jirgin ƙasa ta Colindale tafiyar ƙafa ce kaɗan. Zaurukan suna da yawa, amma wanda ya riƙe ni shi ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka shirya a ginin tsohuwar masana'antar jirage ta Grahame-White.

Wanda ya saba ganin ƙaramin jirgin yaƙi na Sopwith Camel a hoto ba zai san irin kasadar da matuƙansa suka yi ba sai ya gan shi ido da ido. Katako ne aka lulluɓe da yadi, siraran wayoyi suna riƙe da fukafukan, matuƙi yana zaune a fili iska tana dukansa, ga bindigogi biyu a gaban fuskarsa. A haka samarin Birtaniya suka riƙa tashi ba tare da lemar dira ba, kuma hakan ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Na fi daɗewa a gaban jirgin DH.9A mai lamba F1010, wanda ke wani zaure daban na gidan tarihin, na runduna ta 110, wadda Nizam, sarkin Hyderabad ta Indiya, ya saya wa jirage. Ya faɗa hannun Jamusawa a Oktoban 1918, bai koma Ingila ba sai a 1977 daga ƙasar Poland. Irin wannan jirgin ne guda uku na runduna ta 47, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka taso daga Helwan ta Masar, suka biyo ta Sudan da Chadi, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Da na dubi kujerunsa biyu marasa rufi da farfelarsa ta katako, na jinjina wa waɗanda suka keta wannan nisa a cikinsa, musamman makanikan da suka riƙa lallaɓa injin a kowane zango.

Bayanan da ke gefen jiragen gajeru ne masu sauƙin fahimta, kuma an haɗa su da kakin soja da hotunan ma'aikatan. Mai niyyar zuwa ya ware aƙalla rabin yini, ya fara da wannan zaure tun da safe kafin jama'a su yi yawa.